Na Huɗun da Bai Zo Daga Kano Ba

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da adabi a lise, wato babbar sakandare, a nan Damagaram, kuma duk tsawon shekarun nan ban fasa ƙwace littattafan soyayya daga ƙarƙashin teburin ɗalibai ba. Ƙananan littattafan nan na Kano nake nufi, masu bango mai sheƙi da hoton mace ta yi tagumi. In na kama ɗaya sai in ɗaga shi da yatsa biyu, in tambayi aji ko wannan ne abin da iyayensu suka turo su karantawa. Kafin ƙarshen shekara aljihun teburina ya cika da su. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba, don ina ganin na riga na san abin da ke ciki: wata ta ga wani, an hana, an yi kuka, an ɗaura aure.

Ni ma na rubuta littafi, guda ɗaya tak. Shekara tara na yi a kansa. Labarin mahaifinmu ne da rijiyar gidanmu ta Birni, wadda ta ƙafe muna yara, shi kuwa ya ƙi yarda ta ƙafe har ya bar duniya. A Yamai aka buga shi. Malaman jami'a biyu sun yaba, ɗaya ma ya ce akwai zurfi. Sauran kwalayen suna ƙarƙashin gadona har yau, na ɗora su a kan bulo saboda gara.

Yayata ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta saya mini kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, har na gama lakwal. Ita ba a sa ta makaranta ba. Sai da ta haifi 'ya'ya huɗu sannan ta shiga ajin manya, ta koyi karatu da yatsa a kan layi, leɓɓanta suna motsi. Tun daga nan ba ta rabu da littattafan da nake ƙwacewa a aji ba. Ranar da nawa ya fito ita na fara kai wa, na rubuta mata godiya a shafin farko. Bayan sati biyu na tambaye ta ina ta kai.

"Auta," ta ce, "ina shafi na goma sha ɗaya, kuma har yanzu mutumin nan bai tashi daga bakin rijiya ba. Ya samu lafiya kuwa?"

Na yi dariya a gabanta, amma abin ya zauna mini a rai shekaru. Duk cikin garin nan yabon mutum ɗaya nake jira, ban samu ba.

Shekarar da na ajiye aiki mijinta ya rasu. Baduku ne, mutum mai shiru, sun yi fiye da shekara arba'in tare. Lokacin yanar ido ta riga ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. Ta shiga takaba. Satin farko gidan ba wurin sa ƙafa, na biyu aka ragu, kafin a yi arba'in ba mai leƙowa sai maƙwabta. 'Yarta da ke aure a Mirriya ce ta zo ta zauna da ita. Ita ta tare ni a zaure wata rana ta ce mini, "Kawu, Inna fa ba ta cin abinci. Loma biyu take yi ta ture kwano. Ba ta yi kuka ba tun ranar, ba ta kuma magana. Ni ban san yadda zan yi ba."

Na shiga na same ta zaune a kan tabarma, ta jingina da bango, zanen takabar ya yi mata yawa. Na yi mata faɗa, na yi lallashi, na kawo mata maganar likita. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in dai ina son in yi mata wani amfani, in riƙa zuwa bayan la'asar ina yi mata karatu.

Kashegari na zo da littafina. Ban ji kunyar faɗa ba, na ɗauka lokacinsa ne ya zo. Na ce a raina ga mace cikin baƙin ciki, yanzu za ta gane abin da na rubuta. Kwana uku ina karanta mata. Ba ta yi barci ba, ba ta kuma motsa ba. A rana ta huɗu ina buɗe jaka ta ɗaga hannu.

"Auta, Baba na san shi, rijiyar na sha ruwanta. Je ka wajen mai haya ka amso mini na matar direba. Na fara shi idona ya hana ni."

Mai hayar littattafan yana da rumfa a bayan kasuwar Dole, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da buhunan wofi. Da na isa na ga ashe tsohon ɗalibina ne, wanda na sha kora daga aji, yanzu gemunsa ya yi furfura. Ya miƙe da sauri ya share mini benci. Littattafan da ke rumfar ba wanda ke da bangonsa na asali. Duk wanda ya yage sai ya yanka takardar buhun siminti ya yi masa sabon bango, ya ɗinke shi da basilla da zaren dukawa, ya rubuta sunan da bik. Wasu an ɗinke su sau uku, ana ganin hujojin tsohon ɗinki. Da na faɗi abin da ya kawo ni bai yi dariya ba, amma na ga ya ciji leɓe. Ya miƙo mini guda uku ɗaure da roba.

Haka na zama mai karanta abin da na yi shekara talatin ina zagi. Labarin wata tela ce da mijinta direban babbar mota ya yi arewa da kaya, aka aiko cewa ya mutu a hamada, ba gawa ba shaida. Danginsa suka kore ta daga gidan, ta koma wani ɗaki da kekenta da ɗanta. Da farko ina karantawa ne da muryar da nake karanta takardar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa. Ina tsayawa ina gyara. In ce, "Ji wannan, a shafi ɗaya an yi kuka sau uku." Yaya ta ce, "Ba gyara na sa ka ba, Mushe. Karanta." In ta kira ni Mushe, yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, to na san na ishe ta.

Amma ta fara motsi. Takan ce, "Tsaya, wa ya faɗi haka? Ƙanen mijin? Allah ya isa." Ranar da telar ta samu ɗinkin sallah na farko bayan korarta, Yaya ta ce wa 'yarta ta dama mata kunu, ta shanye rabin kwano. 'Yar ta leƙo ta bayan labule tana yi mini alama da hannu in ci gaba. Na ci gaba, raina a ɓace, don ban ga dalilin da zai sa wannan shirme ya yi abin da shekara tara tawa ta kasa ba.

Littafi na uku ya ƙare ne daidai inda telar ke zaune a kan keke, ta ji an yi sallama a ƙofar gida da wata murya da ta sa almakashi ya faɗi daga hannunta. A ƙasa aka rubuta a nemi na huɗu.

Na koma rumfa. Mai haya ya girgiza kai.

"Mushe, ai na huɗu bai taɓa zuwa ba. Shekara nawa mata suna tambayata. Na aika Kano ya fi a ƙirga. Wasu sun ce takarda ce ta yi tsada, wasu sun ce matar ta bar rubutu, wasu sun ce ta rasu. Duk Damagaram ba wanda ya san wa ya yi sallamar nan."

Na gaya wa Yaya za a kawo. Ta ce to. Kwana biyu, kwana biyar, sati. Ta koma jingina da bango, kwano ya koma fita kamar yadda ya shiga. Kullum in na yi sallama tambayarta ɗaya ce, ya zo? Saura fiye da wata biyu ta fita takaba, kuma da na dubi wuyan hannunta na san ba za ta kai ba a haka.

Sai na ce ni zan rubuta. Na ɗauka aikin kwana biyu ne ga wanda ya koyar da adabi. Na zauna da hantsi na cika kaye guda, kuma in faɗi gaskiya na ji daɗin abin da na rubuta. A nawa, da telar ta fito ta tarar mai garuwa ne, muryarsa ce kawai ta yi kama. Ta tsaya ta daɗe tana kallon ruwan da ke ɗiga daga garwarsa. Daga nan na bi ta cikin shekaru, tana koyon zama da rashi, har ta wayi gari ba ta juyawa in an yi sallama. Na ce wannan shi ya dace da mace mai takaba. Ba zan yi wa yayata ƙaryar cewa matattu suna dawowa ba.

Na ɓoye kayen a cikin jaka na ce mata na huɗu ya iso. Ta gyara zama, har ta sa aka kawo mata matashi. Na karanta shafi ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ta ce, "Tsaya."

Na tsaya.

"Nawa ka ba shi?"

"Wa?"

"Mai hayar. An cuce ka, Auta. Wannan jabu ne. Ba ita ta rubuta ba."

Na ce ta yaya ta sani, alhali ba ta ga ko bangon ba.

"Ina rigar?" ta ce. "Tun a na ɗaya ta yanka masa babbar riga za ta ɗinka kafin ya dawo. Da aka kore ta, ita kaɗai ta ɗauka ban da keke. A na uku ta ciro ta ta mayar. Yanzu an yi sallama, ba wanda ya tuna da riga? Kuma tun ɗazu ba wanda ya buɗe baki ya yi magana, ana ta kallon ruwa. Wannan wani malamin lakwal ne ya zauna ya kwaikwaya. Mayar masa da abinsa."

Ban san na kai wannan shekarun kunya tana iya kama ni haka ba. Ni ne na karanta littattafan nan uku da bakina, kuma ban lura da wata riga ba. Duk da haka ban haƙura ba. Na ce to ko jabu ne, ai ya fi kusa da gaskiya. Na ce, "Yaya, wanda ya tafi ba ya dawowa. Meye amfanin a yi ta yaudarar mutane?"

Ta juyo da fuskarta wajen da muryata take.

"Kai za ka gaya mini? Ina zaune a nan aka fita da nawa, na ji ƙarar makara a bakin ƙofa. Na san ba zai dawo ba. Shi ya sa nake so nata ya dawo."

Na ɗauki jakata na fita tun magariba ba ta yi ba.

Da safe na tafi rumfa na ajiye kayen a gaban tsohon ɗalibina, na gaya masa komai. Ya karanta a tsaye, yana jan gemu. Da ya gama sai ya ce, "Mushe, in faɗi?" Na ce faɗi, yau kai ne malami a gaban tablo.

"Ba a barin shafi biyar ba a yi wani abu ba. A buga ƙofa, ko a gano ƙarya, ko wani ya faɗi. Duk abin da aka ajiye a na ɗaya sai an ɗauko shi a ƙarshe, mata ba sa mantuwa. Kuma a bar mutane su yi magana da bakinsu. Naka kai ne kake yi musu."

Na ce, "Nawa ka taɓa gani ne?"

Ya sa hannu can saman katako ya ciro littafina. Fes yake, bangonsa na asali, ba ɗinki ko ɗaya. Ya ce tun fitowarsa ya saya, ba a taɓa haya ba, amma shi ya karanta har ƙarshe.

"Wurin nan da tsohon ya sauka rijiya ya ɗebo busasshen yashi ya zuba a aljihu don kada iyalinsa su gani, wallahi har yau in na buɗe famfo ba ruwa sai na tuna shi. Littattafan nan duka na karanta su, rabinsu na manta. Naka ban manta ba. Amma Mushe, ba zan ba mai takaba shi ba."

Shi ne yabo mafi kyau da aka taɓa yi wa littafin, kuma ya zo mini a ranar da ba shi nake nema ba.

Na kwashi ukun na koma gida. Wannan karon da bik ja na karanta su, kamar yadda nake shirya darasi. Na jera duk abin da matar ta ajiye: rigar, tabon ƙuna a hannun mijin, wata tsohuwa maƙwabciya da ta rantse ta gan shi a mafarki, takardar gidan da ƙanen ya ɓoye. Ban ce littattafan sun zama masu kyau a idona ba. Kukan ya yi yawa, attajiran ciki duk ba su da aikin yi sai sauya mota, wasu shafukan ma cika takarda ne kawai. Amma matar ta san inda mai karatu zai gaji, ta san inda zai riƙe numfashi, kuma ba ta taɓa manta cewa akwai wani zaune yana saurarenta ba. Ni a shekara tara ban tuna da wannan mutumin ko sau ɗaya ba.

Sati uku na yi. Ya ba ni wuya fiye da yadda zan iya faɗa. Duk jimlar da na ji ta yi mini daɗi sai in gane ita ce ya kamata in cire. Na yaga kaye biyu. Bayana ya riƙe, idona ya yi ja, matata ta ce tun da ta san ni ba ta ga ina magana ni kaɗai ba sai yanzu. Kullum da la'asar ina zuwa in ce wa Yaya an aika Kano a amso na ainihi, mota ce ta lalace a hanya. Takan ce, "Allah ya kawo ta," ta mai da kai bango.

Da na gama na kai aka buga a na'ura, aka naɗe takardun daidai girman sauran. Mai haya ya yanka takardar siminti ya ɗinke da basilla, ya murza gefunan a kan gwiwarsa don su yi laushi, ya rubuta sunan littafin da lamba huɗu. Ya tambaye ni sunan wa zai sa. Na ce wanda ke kan sauran. Na san abin da na yi ba daidai ba ne, kuma in matar nan tana raye ina roƙonta gafara. Mai haya ya gaya mini daga baya ya sake ɗinke shi sau biyu, don ya zaga gidajen Birni da Zango har ya kai Tirmini. Sunana ba ya ko'ina a jikinsa.

Ranar da na kai, Yaya ta ce in miƙo. Ta shafa bangon, ta bi ɗinkin da yatsa, ta kai shi hanci. Ta ce, "Wannan ya sha hannu." Ta miƙo mini.

Kwana shida muka yi a kansa. Ban bar mijin ya shigo a shafin farko ba. Mai sallamar wani abokin tafiyarsa ne da ya kawo agogonsa da labarin cewa an gan shi a wani gari, ba ya cikin hayyacinsa. Yaya ta dafe ƙirji. Aka gano takardar gidan, ƙanen ya sha kunya a gaban alƙali, Yaya ta ce, "Alhamdu lillahi," ta ci tuwo da miyar kuka tana saurare. A rana ta shida ya dawo, a rame, sai da tabon hannunsa matar ta gane shi. Ta ciro rigar, ta zauna ta ƙarasa ɗinkin a gabansa yana kallo. Da ya sa sai ta yi masa yawa, kafaɗun suka zubo. Ta ce masa, "Cire in rage." Ya ce, "Bar ta, zan cika ta."

A nan Yaya ta fashe da kuka. Kuka sosai, da murya, irin wanda ba ta yi ba ranar da aka fita da mijinta. 'Yarta ta shigo da gudu, na yi mata alama ta bar ta. Na zauna riƙe da takardun, ni ma ban iya ganin layin da ya rage ba. Ta daɗe tana yi. Sannan ta share fuska da bakin zane, ta sha ruwa, ta ce a ɗumama mata sauran tuwon rana.

Ta fita takaba da ƙafarta. Ta ƙara damina biyu a duniya, har aka yi mata aikin ido ɗaya, ko da yake ba ta koma karatu ba. Sau da yawa na yi niyyar gaya mata, sai in ga in na faɗa na ƙwace mata mijin telar, ya koma ƙaryar da ƙanenta ya yi mata don ta ci abinci. Yanzu in aka gayyace ni taro aka tambaye ni wane rubutu ne adabi, wane ne na kasuwa, nakan ce a tambayi masu ƙarfin muhawara, ni na gaji.

Amma a ranar, bayan ta gama cin tuwon, ina naɗe tabarmata zan tafi masallaci, ta kira ni.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ka ji wurin rigar nan?"

Na ce na ji.

"To wannan shi ne rubutu. Ba don in ɓata maka rai ba, kai ma kana da ƙoƙari. In Allah ya kai ka Kano, ka nemi matar nan, ka kai mata naka na rijiya ta duba maka. Kada ka ji kunya don kana mushe."

Na tsaya da tabarma a hammata. Na ce, "To, Yaya."